Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙorafi da Buƙatun Masu Amfani da Na'urar VR

Na'urar VR, wato gilashin nan da ake ɗaurawa a kai ya rufe idanu har mutum ya ga kansa tsaye a cikin wata duniya da kwamfuta ta zana, ba ta zama yadda aka saye ta. Manhajar da ke tafiyar da ita tana sauyawa sau da dama a shekara, kuma wani kaso mai yawa na sauye-sauyen nan ya samo asali ne daga koke-koken waɗanda ke sanya ta a kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sanin wurin yoyon bai isa ba sai an iya faɗar sa ta yadda mai gyara zai gane. Amsoshin da ke ƙasa sun fi karkata ga Meta Quest, domin ita ce ta fi yawa a hannun jama'a, sai dai an taɓo wasu na'urorin inda magana ta biyo ta kansu.

Shin da gaske kamfanonin nan suna sauraron masu amfani da na'urorinsu?

Suna saurare, sai dai sauraron yana da sharuɗɗansa, kuma tarihin Oculus, kamfanin na'urorin VR da Facebook (wanda yanzu ake kira Meta) ya saya a 2014 kan kusan dala biliyan 2, ya isa ya nuna waɗannan sharuɗɗa.

A watan Mayun 2016, ba da daɗewa da fitowar Oculus Rift ba, kamfanin ya saka wani shinge a manhajarsa wanda ke duba irin na'urar da ke kan mutum kafin wasa ya buɗe. Abin da shingen ya toshe shi ne wata ƙaramar manhaja mai suna Revive, wadda ke ba masu HTC Vive damar buga wasannin shagon Oculus, har da waɗanda suka saya da kuɗinsu. Jama'a suka yi ca a kan kamfanin, kuma kafin watan Yuni ya ƙare an cire shingen. Haka kuma a watan Yunin 2021 Facebook ya sanar da cewa zai fara gwajin tallace-tallace a cikin na'urar, zai kuma fara da wasan Blaston na kamfanin Resolution Games da ke Suwidin. Wasan na kuɗi ne a lokacin, don haka waɗanda suka saya suka ce ba su ga dalilin da za a liƙa musu talla a bangon filin wasa ba bayan sun riga sun biya. Ba a cika mako guda ba masu wasan suka janye daga gwajin.

Wanda ya fi ɗaukar lokaci shi ne batun asusun Facebook. Daga watan Oktoban 2020, lokacin da Quest 2 ta fito, an wajabta wa duk sabon mai amfani ya shiga da asusunsa na Facebook, abin da ke nufin cewa idan aka rufe wa mutum asusu saboda wani dalili da bai shafi na'urar ba, zai iya rasa hanyar shiga wasannin da ya saya. An yi ta kuka a kan wannan har kusan shekara biyu. A Jamus kamfanin ya dakatar da sayar da na'urar tun a watan Satumban 2020, hukumar hana danniya a kasuwanci ta ƙasar kuma ta buɗe bincike a watan Disamba na shekarar. Sai a watan Agustan 2022 aka fito da asusun Meta mai zaman kansa, wanda ba ya buƙatar Facebook.

Idan aka dubi waɗannan uku za a ga cewa ƙorafi ya yi tasiri ne a inda mutane da yawa suka faɗi abu guda a sarari, abin da suke nema ya kasance mai yiwuwa, sannan ƙin yin sa ya zama asara ga kamfanin, ko a ciniki, ko a suna, ko a gaban hukuma. Inda ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, jiran yakan yi tsawo.

Mene ne bambancin rahoton matsala da neman sabon abu?

Rahoton matsala yana cewa akwai abin da aka yi alkawarin zai yi aiki amma ba ya yi: rimot ɗin hannu yana ɓacewa a tsakiyar wasa, sauti yana yankewa, iyakar da ka zana a ƙasan ɗaki tana gogewa duk lokacin da ka kashe na'urar. Neman sabon abu kuwa yana cewa komai yana aiki yadda aka tsara shi, amma tsarin bai wadatar ba. Na farko yana zuwa wurin injiniyoyin da aikinsu gyara ne, na biyu kuma wurin masu tsara abin da za a gina nan gaba, waɗanda ke auna shi da ɗaruruwan buƙatu irinsa. Wanda ya cakuɗa su a saƙo ɗaya yakan rasa duka biyun, saboda haka a raba su ko da a zama ɗaya aka rubuta su.

Ta ina ake aika su, kuma wa ya kamata a aika wa?

A Quest akwai maɓallin kai rahoton matsala a cikin saitin na'urar, kuma shi ne ya fi dacewa da rahoton tangarɗa, domin yana iya haɗawa da bayanan da na'urar ta adana game da abin da ya faru a cikinta, waɗanda kai ba za ka iya gani ba amma injiniya yana karanta su. Buƙatun sababbin abubuwa kuma ana ajiye su ne a shafukan kamfanin inda sauran jama'a ke gani su mara musu baya. Batun kuɗi, mayar da kaya ko na'urar da ta mutu gaba ɗaya na sashen kula da abokan ciniki ne.

Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne wanda ke da alhakin matsalar. Manhajar da ke tafiyar da na'urar ta Meta ce, amma yawancin wasanni da manhajojin da ke cikin shagon na wasu kamfanoni ne, wasunsu ma mutum ɗaya ne ko biyu suka rubuta su. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce a gwada: idan matsalar tana faruwa a wasa ɗaya kaɗai, mai wasan za a nema, idan tana bin ka daga wannan manhaja zuwa waccan, ta na'urar ce. Ga wanda ke haɗa na'urar da kwamfuta kuwa, masu hannu a ciki sun ƙaru, domin akwai SteamVR na kamfanin Valve, akwai manhajar katin hoto ta Nvidia ko AMD, akwai kuma igiya ko na'urar Wi-Fi da ke tsakani. Ƙananan masu manhaja sun fi saurin amsawa nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa wanda ya karanta saƙonka shi ne da kansa zai zauna ya gyara.

Yaya ake rubuta rahoton da zai yi amfani?

Injiniya ba zai iya gyara abin da bai iya maimaitawa a gabansa ba. Wannan ita ce ƙa'idar da komai ke rataye a kanta. Idan ka rubuta cewa na'urar ta lalace tun da aka sabunta ta, ka faɗi gaskiya, amma ba ka ba kowa abin kamawa ba. Dubi bambancinsa da rahoto irin wannan: na'urar Quest 3 ce, ga lambar sigar manhajar kamar yadda take a saiti, idan na buɗe wasa kaza na yi kamar minti ashirin, sai rimot ɗin dama ya daskare a iska na 'yan sakanni sannan ya dawo, yana faruwa da yamma idan hasken rana ya shigo ta tagar yamma, ba ya faruwa da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki, na sauya batir, na goge kyamarorin, na kashe na kunna, bai daina ba, kafin sabuntawar da ta gabata ban taɓa ganin haka ba.

Wanda ya karanta wannan ya riga ya samu rabin amsa. Rimot ɗin Quest yana ɗauke da ƙananan fitilu masu hasken da idon mutum ba ya gani, kyamarorin na'urar ne ke bin su don sanin inda hannu yake, kuma hasken rana mai ƙarfi yana iya dushe su. Ambaton taga da lokacin yini, wanda mai rubutu zai iya ɗauka ba shi da muhimmanci, shi ne ya nuna inda za a duba. Don haka a faɗi yanayin ɗaki: haske, madubi ko gilashin da ke mayar da hoto, bangon da ba shi da wani zane ko alama, fankar sama da ke juyawa, zafin gari. A haɗa da ɗan gajeren bidiyo idan zai yiwu, tunda na'urar tana iya naɗar abin da ido ke gani. Sannan a faɗi abin da aka yi tsammanin zai faru da abin da ya faru a zahiri, kowanne a jimlarsa.

Ɓacin rai ba laifi ba ne ga wanda ya kashe kuɗi mai yawa, amma zagi yana cin wurin da bayani ya kamata ya zauna.

To, neman sabon abu fa, yaya ya kamata a gabatar da shi?

A fara da buƙatar, kafin a kawo maganin da ake hasashe. Wanda ya ce a ƙara maɓalli kaza a wuri kaza ya ɗaure hannun mai tsarawa, amma wanda ya ce ba ya iya tsayuwa na dogon lokaci, kuma wasan yana buƙatar ya ɗauki abu daga ƙasa, ya bayyana matsalar da za a iya warwarewa ta hanyoyi da yawa, wataƙila ma da wadda ta fi tasa kyau. Kafin a rubuta kuma a duba ko wani ya riga ya nema. Ƙara murya da sabon dalili a kan buƙatar da ke akwai ya fi buɗe sabuwa da za ta raba kan masu goyon baya.

Waɗanne abubuwa ne aka samu saboda an daɗe ana neman su?

Mafi girma shi ne haɗa Quest da kwamfuta. Lokacin da Quest ta farko ta fito a watan Mayun 2019, an yi ta ne ta tsaya da ƙafarta ba tare da kwamfuta ba, amma masu ita suka riƙa neman hanyar buga manyan wasannin kwamfuta da ita. A watan Nuwamba na shekarar aka fito da Oculus Link, wanda ke yin hakan ta igiya. Jama'a kuma suka ce igiyar ce ai suke gudu tun farko. Wani mai rubuta manhaja, Guy Godin, ya riga ya saka wannan dama ta Wi-Fi a manhajarsa ta Virtual Desktop, amma kamfanin ya sa ya cire ta daga shago a 2019, yana mai cewa ingancinta bai kai ba kuma tana iya sa mutane jiri. Masu buƙata ba su haƙura ba, suka koma saka ta ta bayan fage ta hanyar SideQuest, wani shagon manhajoji da ba na kamfanin ba. A watan Fabrairun 2021 aka amince ta dawo shago, sannan a watan Afrilu kamfanin ya fito da nasa mai suna Air Link. Wannan misali ya nuna cewa abin da mutane ke wahalar da kansu su yi ta wata hanya ya fi kowace ƙuri'a ƙarfi a matsayin hujja.

Quest 2 ta fito tana sauya hoto sau 72 a sakan guda, aka ɗaga zuwa 90 a ƙarshen 2020, sannan aka ba da damar gwada 120 a 2021, duk ta hanyar sabunta manhaja ba tare da an taɓa na'urar ba.

Akwai kuma ƙananan abubuwa biyu da suka zo a 2024 waɗanda ga masu buƙatar su ba ƙanana ba ne. Na farko shi ne amfani da na'urar a kwance. A da, idan mutum ya kwanta rigingine, abin da zai gani shi ne rufin ɗakin da aka zana, allon da yake son kallo kuma yana can wajen ƙafafunsa, domin na'urar ta san inda ƙasa take kuma ba ta yarda a juya ta. Ga lafiyayye wannan ƙaramar damuwa ce, amma ga majinyacin da ke kan gado ko mai ciwon baya, shi ne bambanci tsakanin amfani da na'urar da ajiye ta. Na biyu shi ne yanayin tafiya da aka fara da jirgin sama. A cikin jirgi, kyamarori suna ganin kujeru a tsaye cak, na'urorin jin motsi kuma suna jin jirgin yana karkata, sai manhajar ta rikice allon ya sulale gefe. Gyaran shi ne a koya mata ta yarda da abin da kyamara ke gani.

Ba a Meta kaɗai ba ne. Sony ta fito da PlayStation VR2 a watan Fabrairun 2023 don PlayStation 5 kawai, masu ita suka matsa da neman a bari ta yi aiki da kwamfuta, kuma a watan Agustan 2024 aka fito da mahaɗin da ke yin hakan, ko da yake wasu abubuwa kamar bin motsin ƙwayar ido ba su biyo ba.

Me ya sa ake ɗaukar ƙorafin jiri da tashin zuciya da muhimmanci haka?

Saboda a nan kuskuren manhaja jiki yake taɓawa. Idan manhajar waya ta yi nauyi, mutum zai ja tsaki ya jira. Idan ta na'urar VR ta yi nauyi, ido zai ga abu ɗaya, gaɓar daidaito da ke cikin kunne ta ji wani daban, sai zufa ta karyo, kai ya yi nauyi, zuciya ta tashi, kuma wani lokacin abin yakan bi mutum sa'o'i bayan ya cire na'urar. A saurin hoto 90 a sakan, kwamfutar da ke ciki tana da kusan milisakan 11 ne kacal ta zana kowane hoto, kuma na ido biyu. Duk jinkirin da ya wuce haka jiki yana jin sa.

Jure wannan ya bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum, kuma masu rubuta wasanni, saboda yawan sanya na'urar, sukan saba har su daina jin abin da sabon shiga ke ji. Shi ya sa rahotonka yake da daraja a wurinsu. Hanyoyin sauƙaƙawa da yanzu suka zama ruwan dare, kamar tsallakawa daga wuri zuwa wuri maimakon tafiya a hankali, juyawa kashi-kashi, da duhunta gefen ido yayin gudu, duk sun bazu ne saboda mutane sun faɗi abin da ke sa su jiri. Idan za ka kai irin wannan rahoto, ka faɗi daidai inda abin ya fara: hawa matakala ne, juyawa da rimot ne, ko lokacin da wasan ya karɓe kallo daga hannunka ya juya maka kai. Kada kuma ka daure ka ci gaba don ka ga ƙarshen abin. Ka cire na'urar da zarar ka ji alama.

Buƙatarmu ta samu goyon bayan dubban mutane, amma shiru. Me ya sa?

Yawan ƙuri'a shaida ce ta cewa ana so, ba alkawari ba ne cewa za a yi. Wani lokaci na'urar ce ba za ta iya ba. An daɗe ana yi wa Meta dariya kan surorin da ke wakiltar mutane a Horizon Worlds, dandalinta na haɗuwar jama'a a VR, waɗanda a da suke yawo ba ƙafafu, amma dalilin shi ne kyamarorin da ke kan fuska ba sa ganin ƙafafun mai sanye da su yadda ya kamata, don haka duk ƙafar da aka zana hasashe ce. Wani lokaci kuma abin yana yiwuwa amma zai cinye batir, wanda dama bai fi sa'a biyu zuwa uku ba, ko ya ƙara wa na'urar zafi a kan fuska. Akwai kuma buƙatun da sai sabuwar na'ura: Quest 2 tana da matsayi uku kacal na tazarar gilasan ido, milimita 58, 63 da 68, waɗanda tazarar idonsu ta faɗa tsakani suka koka, kuma amsar ba ta zo ba sai a sababbin na'urori irin su Quest 3 ta 2023, wadda ke da abin murzawa a daidaita yadda ake so.

Sannan akwai inda kamfani ya ji sarai amma ya zaɓi kada ya yi. Echo VR wasa ne na kyauta da ke da masoya na gaske. A watan Janairun 2023 aka sanar za a rufe shi. Masoyansa suka tattara sa hannu, har suka ɗauki hayar ƙaramin jirgi ya ja kyalle mai ɗauke da roƙonsu a saman hedikwatar Meta. Andrew Bosworth, shugaban sashen fasaha na kamfanin, ya fito ya yi bayanin cewa masu buga wasan sun ragu kuma ana buƙatar ma'aikatan a wasu ayyuka. A ranar 1 ga Agustan 2023 aka kashe shi. Wannan hukunci bai yi wa waɗanda suka gina abota da gasanni a cikin wasan adalci ba, kuma ya kamata duk mai sayen abin da ke dogara da kwamfutocin kamfani ya san cewa ranar rufewa ba a hannunsa take ba.

Shin taruwa a zubar wa manhaja da ƙananan taurari yana aiki?

Yana jawo hankali, amma ba kasafai yake sauya hukuncin da aka yi shi dominsa ba. A watan Yulin 2022 VRChat, manhajar da mutane ke haɗuwa su yi hira a VR, ta saka manhajar hana maguɗi ta Easy Anti-Cheat, wadda ta kashe duk gyare-gyaren da masu amfani suka ƙara da kansu. Matsalar ita ce wasu daga cikin gyare-gyaren nan su ne ke taimaka wa masu buƙata ta musamman, abin da kamfanin bai tanada ba. Aka yi wa manhajar ruwan munanan sharhi a Steam, shagon wasannin kwamfuta na Valve. Kamfanin bai cire shingen ba, amma ya ajiye wasu ayyukansa ya gaggauta gina da yawa daga cikin abubuwan da aka rasa, kamar daidaita kallo ga wanda ke kwance da ɗan madubin da mutum ke ɗauka tare da shi. Abin da ya haifar da ɗa mai ido a nan shi ne jerin takamaiman abubuwan da mutane suka ce sun rasa.

A kula kuma da cewa ƙaramin mai manhaja ba Meta ba ne. Tauraro ɗaya da aka ba shi saboda matsalar da sabuntawar na'ura ta jawo zai iya karya masa ciniki kan laifin da ba nasa ba. Wanda wasa bai yi masa ba yana da hanyar mayar da shi: a shagon Meta da na Steam ana karɓar buƙatar mayar da kuɗi cikin kwana 14 idan ba a yi amfani da wasan ya kai sa'a biyu ba.

Idan abin ya shafi lafiya ko cin zarafi fa?

Wannan ba a jinkirta shi, kuma ba a barin sa a wurin tattara ra'ayi kawai. A watan Yulin 2021 aka sanar da janye soson da ke taɓa fuska a Quest 2, tare da hukumar kula da amincin kayan masarufi ta Amurka, bayan rahotanni sama da 5,000 na ƙaiƙayi, ƙuraje da jan fata. An dakatar da sayarwa na ɗan lokaci, aka raba murfin roba kyauta. Da kowa ya ce tasa fatar ce ke da matsala ya yi shiru, da ba a gano cewa abin ya yaɗu haka ba.

Haka batun cin zarafi. Bayan mata sun ba da labarin yadda wasu ke matso musu suna kai hannu ga surarsu a Horizon Worlds, a watan Fabrairun 2022 aka saka wata iyaka ta kusan ƙafa huɗu tsakanin surori. Wanda bai taɓa sanya na'urar ba zai iya cewa ai hoto ne kawai, amma a cikinta ƙwaƙwalwa tana ɗaukar kusancin a matsayin na gaske. Iyaye kuma su lura cewa tun 2023 an sauke mafi ƙarancin shekaru daga 13 zuwa 10 ta hanyar asusun da iyaye ke kula da shi, don haka rahoton abin da yaro ya gani ko ya ji a ciki nauyi ne a wuyansu.

Ya kamata in shiga sahun masu gwada sabuntawa kafin ta fito?

Idan kana da haƙuri kuma za ka kai rahoton abin da ka gani, to shigarka alheri ce ga kowa, domin matsalar da aka kama a wannan mataki ba za ta kai ga miliyoyin mutane ba. Amma idan da na'urar kake aiki ko koyarwa, ka bari, saboda ba a cika samun hanyar komawa tsohuwar siga ba da zarar sabuwa ta shiga. Ko sabuntawar da aka saki ga kowa ma tana iya zuwa da matsala: a ƙarshen Disamban 2024 wata tangarɗar sabuntawa ta sa wasu na'urorin Quest sun ƙi tashi kwata-kwata, har kamfanin ya koma sauya wa waɗanda abin ya shafa. A tabbatar da caji da intanet mai ƙarfi kafin a fara sabuntawa, kada kuma a kashe na'urar a tsakiya.

Me ke bin rahotona zuwa wurin kamfani?

Bayanan na'urar, da duk hoto ko bidiyon da ka haɗa. Na'urorin yanzu suna nuna ɗakin da kake ciki ta kyamara, saboda haka bidiyon da ka naɗa zai iya ɗauke da fuskokin iyalinka, takardu a kan tebur ko saƙonnin da suka faɗo a allo. Ka kalle shi daga farko zuwa ƙarshe kafin ka tura.

Ina zaune a ƙasar da ba a sayar da na'urar a hukumance. Muryata tana da tasiri?

Najeriya da Nijar ba sa cikin ƙasashen da Meta ke sayar da Quest kai tsaye, don haka wanda ya samu tasa ta hannun 'yan kasuwa ko ɗan'uwa da ke waje zai sha wuya a batun garanti da sauyin kaya. Amma rahoton manhaja ba ya tambayar inda aka sayi na'ura, kuma akwai abubuwan da sai daga irin waɗannan wurare za a ji su: sabuntawa mai nauyi da ke sauka ba tare da neman izini ba ta cinye data, saukarwar da ke komawa farko idan intanet ya yanke, manhajar da ke ƙin buɗewa sai da intanet alhali ba ta buƙatar sa, da yadda na'urar ke yi a tsananin zafin bazara. Injiniyan da ke zaune a Kalifoniya ba ya cin karo da waɗannan a ofishinsa.

Batun harshe ma buƙata ce halattacciya. Facebook ya samu Hausa tun 2016, kuma tsarin fassara na harsuna 200 da Meta ta fitar a 2022 ya haɗa da Hausa, saboda haka ba za a ce kamfanin bai san harshen ba. Mai nema ya fara da abin da ya fi sauƙin yi kuma ya fi saurin amfani, wato allon rubutu mai haruffan ɓ, ɗ da ƙ, sannan ya faɗi inda za a yi amfani da shi, ko aji ne, ko wurin horar da ma'aikatan lafiya, ko gida.

Na'urata ta tsufa. Har yanzu akwai amfanin aika buƙata?

Sababbin abubuwa kam da wuya. A watan Janairun 2023 Meta ta sanar da cewa Quest ta farko ba za ta ƙara samun sababbin abubuwa ba, gyaran tsaro ma ya tsaya a 2024, wato shekara biyar bayan fitowarta. Microsoft kuma ta sanar a watan Disamban 2023 cewa ta yi watsi da tsarinta na VR mai suna Windows Mixed Reality, ta kuma cire shi daga sigar Windows 11 ta 2024, abin da ya bar masu na'urori irin su HP Reverb G2 da lafiyayyen kaya da manhajar kamfanin ta daina ganewa.

Buƙatar da ta fi dacewa a wannan mataki ita ce a buɗe na'urar ga masu ita idan kamfani ya gama da ita. An taɓa yin haka: bayan an daina sayar da Oculus Go, wata na'urar kamfanin da ta riga Quest fitowa, John Carmack, wanda a lokacin yake ba kamfanin shawara kan fasaha, ya matsa har aka saki wata sigar manhaja a watan Oktoban 2021 wadda ke ba mai na'urar cikakken iko a kanta, ya saka abin da ya ga dama ko da kwamfutocin kamfanin sun daina amsa mata. Masu Quest ta farko da masu Quest 2, wadda aka daina sayarwa a 2024, suna da wannan misali da za su kafa hujja da shi idan za su rubuta.